Shafin Mista Shen Cikin Buhun Shinkafa

To 'yan gurup, na ga saƙonninku. Tunda aka ji Kawu Haruna na neman wanda zai karɓe ni a tebur in na fara koyon aiki a asibiti, kowa ya zama ɗan kasuwa. Har wani ya rubuta wai "ai zama ne kawai, kana danna waya littafi na sayar da kansa." Hhh, Allah ya shirye ka. Shekarata bakwai a teburin littattafan nan na Fordham Road, kuma aiki ɗaya tak zan ba ku labarinsa: yadda na sa reza na yanke shafi guda daga wani littafi, da yadda yankan nan ya kusa hana wani tsoho haɗuwa da abokinsa na ƙuruciya, mutumin da yanzu duniya ke bin layi don ta gan shi. Ku karanta har ƙasa kafin ku turo min "ina so."

Ranar da na fara, ina 'yar sha bakwai, na ci gayu da sabon takalmi, Kawu bai bar ni na yi magana da kwastoma ko ɗaya ba. Kawu ƙanin mamata ne, mutumin Maraɗi, ya fi shekara ashirin a bakin titin nan. Ya turo min kiret ɗin madara cike da tsofaffin littattafai ya ce, "Zuwaira, sansana."

Na ce, "Kawu, in sansana me?"

"Littahi mana. Ɗaya-ɗaya. Ke kin zaci da ido ake hwarawa?"

Wallahi haka na yini ina cusa hanci a takarda, mutane na wucewa suna kallona. Littafin da ya sha danshi a ƙarƙashin bene warinsa daban. Wanda ya zauna a gidan mai shan sigari daban, shi ana ɗaure shi a leda da garin soda kwana uku. Wanda mage ta yi wa fitsari kuwa, ku manta, babu magani. Bayan hanci sai tocila: ka buɗe littafin, ka haska cikin gadon bayansa, don a nan kuɗin cizo ke kwana. Ka sayar wa mutumin Bronx littafi da kuɗin cizo ƙwaya ɗaya, ka gama yawo, har jikokinsa sai sun ji labarinka. Sitika ana hura mata diraya ta yi laushi kafin a ɓamɓare. Rubutun fensir da farin kilina ake gogewa, jan nan yana barin tabo.

Shi kansa jerin tebur karatu ne. Littafi ba ya buƙatar lasin irin na masu hula da caja, amma akwai tazarar da doka ta ce daga ƙofar shago da inda ake tsallaka titi. Kawu da taku yake aunawa, kuma ban taɓa ganin ɗan sanda ya auna ya same shi da laifi ba. Na yara a gaba-gaba, inda hannun yaro zai kai kafin uwarsa ta fizge shi. Na addini a sama, ba a ɗora musu komai. Na koyon Turanci da na jarrabawar zama ɗan ƙasa suna dab da kujerar Kawu, don mai son su kunyar tambaya yake, sai dai ya tsaya yana shafa wani littafin daban har a gane shi a miƙa masa a hankali.

Sai reza. Nan aikin yake. Rabin abin da ke zuwa mana kyauta ce aka taɓa yi wa wani, shafin farko ɗauke da rubutun hannu: zuwa ga wance, Allah ya yi miki albarka, daga goggonki. Mai saye ba ya son sunan wani a littafinsa, balle in shi ma kyauta zai yi. To sai a cire shafin. Ba a yagewa fa. Ka sa kwali a ƙarƙashi, ka ɗora rula ta ƙarfe, ka bar ɗan gefe kamar faɗin tsinken ashana, ka ja reza sau ɗaya. In ka yanke har ciki ba ka bar gefen nan ba, ɗan'uwan shafin da ke can baya zai faɗo, littafi ya fara zubewa. Wata biyu ina koyo a tsofaffin littattafan lambar waya kafin a ba ni na sayarwa.

Na farkon da na yanke, na dunƙule shafin zan jefa a kwandon shara, sai na ji Kawu ya riƙe min hannu.

"Subhanallahi! Kin karanta abin da anka rubuta?"

"E, wai Allah ya yi mata albarka."

"To sunan wa kenan za ki kai bola?"

"Kawu, da Turanci ne fa."

"Bon. Shi Allah bai jin Turanci?"

Tun daga ranar na san buhu. Duk shafin da muka yanke cikin buhun shinkafa yake shiga, har na Rashanci da na Bangali da ba mu iya karantawa, don Kawu ya ce ba mu san me ke ciki ba. In buhu ya cika a ɗaure a kai sito. Kafin azumi, in hali ya yi, wani abokinsa mai babbar mota yakan kwashe wasu zuwa wata gona a bayan gari, a ƙone su wuri mai tsabta. Babu lamba a jiki, babu kwanan wata. Buhu ne kawai.

Akwai kuma dokar shafi goma: duk abin da ka ɗora a tebur ka karanta shafi goman farko, don ka san hannun wa za ka sa shi. Ta nan wani littafi ya tafi da ni. Fassarar Turanci ce ta gajerun labaran wani marubuci ɗan China, irin labaran nan na kimiyya da abin da bai faru ba tukuna. Na ce bari in yi gomana in ajiye. Jama'a, sai da wata mata ta tafa min hannu a fuska ta ce, "Kina sayarwa ko kina hutu?"

Labarin farko wasu halittu ne ƙanana ƙwarai da ke zaune cikin ɗigon ruwan sama guda ɗaya. Daga gajimare zuwa ƙasa, wannan faɗowar ita ce tarihinsu kaf. Kakanni dubu-dubu, garuruwa, yaƙe-yaƙe, makarantu, duk a cikin ɗigo. Sai malamansu suka yi lissafi suka gano cewa duniyarsu faɗowa take, kuma akwai wani abu a ƙasa da ke jiransu. Wasu suka ce ƙarya ne. Wasu suka haukace. Wata mai gyaran gilashi ta ƙera abin hange ta leƙa waje, sai ta ga ɗigo iyaka ganinta, sama da ƙasa, kowanne da mutanensa, kowa na faɗowa, ba wanda ya san da wani. Kun san me suka yi da sauran lokacinsu? Suka haɗu suka ƙera fitila, suna haska wa ɗigon da ke samansu duk abin da suka sani, ko su za su sami dabara. Na rufe littafin na ɗaga kai na kalli Fordham Road, bas na huci, mai mangwaro na ihu, na ji kamar an canza min titin. Ƙwaƙwalwar mutumin nan ba irin tamu ba ce, na rantse.

Na fassara wa Kawu da Hausa muna naɗe tebur. Yana ta "Astagfirullah, wanga ƙarya da yawa take," amma da na yi shiru sai ya ce, "To, sai mi? Na saman sun gani?" Akwai wani kuma na jirgin sama jannati da ke ɗauke da irin hatsi tafiyar shekaru dubbai, dole kowane zamani su shuka su girbe a cikin jirgin don kada irin ya mutu. Kawu ya ajiye kiret ya ce, "A'a. Wanga mutum ya taɓa riƙe hauya, ko ya zauna da manoma." Sunan ya gagari bakinsa, sai ya raɗa masa Mai Ɗigo. Mu ma haka muke ce masa.

A bayan littafin an rubuta cewa shekara da shekaru ma'aikacin tashar auna yanayi ne a kan wani dutse, yana rubutu a bayan takardun aiki, mujallu na dawo masa da su. A idona na ga yadda ya tashi. Da, kwafinsa sai ya yi wata uku a tebur har rana ta koɗar da bangon. Da ya ci wata babbar lambar yabo a ƙasar waje aka fara zancen fim, kai, ko awa ba ya yi. Direban bas ya tambaya, nas ta tambaya, wani malamin jami'a ya hau jirgi tun daga Manhattan ya zo neman tsohon bugu. Mutum yana kan dutse yana auna ruwa, ga shi ana cigiyarsa da Sifananci a Bronx. Tabɗijam.

Sai shekarar korona. Ba sai na gaya muku ba, kuna nan. Fordham Road ta zama kamar an share, ba ka jin komai sai jiniyar motar asibiti. Wata da watanni ba mu kafa tebur ba. Abin mamaki, a shekarar ne littattafai suka fi zuwa. Supa-supa, masu kula da benaye, suna ta kiran Kawu: an kwashe gidan wane, ga kwalaye a bakin titi, zo ka ɗauka kafin motar shara. Ba ma tambayar ina mai gidan. Muka cika sitonmu na Mount Hope har rufi. Tunda ba saye ba sayarwa, aikin da ya rage shi ne gyara. Daga safe zuwa la'asar ina zaune da takunkumi, rula a hagu, reza a dama. Hannuna ya yi saurin da ko kallon shafin ba na yi. Na ga rubutun hannu, fiit, buhu. A shekara guda muka cika buhu tara.

Bayan shekara uku, wata Talata da hantsi, wani tsoho ɗan China ya tsaya a gaban tebur. Siriri, da sanda, hula a kai, gefen bakinsa na dama ya ɗan saki. Bai taɓa komai ba. Irin tsayuwar masu kunyar tambaya ce, sai na matsa na gaishe shi da Turanci. Maganarsa na fita da ƙyar, kalma ɗaya, ya huta, wata kalmar. Ya ce sunansa Shen, a Parkchester yake. A shekarar korona ya yi wata huɗu a asibiti, jinya ta zo masa da shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsa ta ɗauka ba zai koma gidansa ba, ta kwashe ɗakin ta sauke kwalayen littattafansa. Ya daɗe yana neman supan benen, don mutumin ya bar aiki. Da ya same shi ya ce masa, wani ɗan Afirka mai tebur a Fordham ne ya ɗauka.

Ya ce littafi ɗaya yake nema. Siriri, bango shuɗi-shuɗi, da Sinanci.

Na yi tsalle. Muna da kiret ɗin da muke kira na marayu, littattafan yaren da ba mai saye a unguwar. Na tona, na tona, ga shi can ƙasa! Na ɗaga shi sama kamar na ci kofi. "Baba, wannan ne?" Kawu na ta "Alhamdu lillahi, wala, ga shi nan!"

Tsohon ya jingine sandarsa, ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe bango. Ya tsaya. Ya sa yatsa ya bi ɗan gefen nan mai faɗin ashana daga sama har ƙasa. Yanka mai kyau, miƙaƙƙe, irin wanda Kawu ke yaba min.

Ya ce, "Ina shafin?"

Kawu ya kalle ni, na kalli kwalta.

Muka ba shi kujerar Kawu. Ya ciro waya ya nuna min wata sanarwa, da hoton wani mai furfura da tabarau. Na kalli hoton na ƙara kallo. Mai Ɗigo! Zai zo New York ranar Asabar, zai yi magana a wani babban zaure, sannan ya sa hannu a littattafai. Shuɗin littafin nan da ya shekara uku a ƙasan kiret ɗina, shi ne na farkon da ya taɓa bugawa. Ni da nake cika baki na haddace mutumin, ina ta taka littafinsa da ƙafa ban sani ba.

Mista Shen ya ce tare suka yi aiki a tashar kan dutsen, su biyu, shekara shida. Ya ce labarin ɗigon nan, yana tsaye a wurin ranar da abokinsa ya zo juye mazubin auna ruwan sama, ya tsaya yana kallon cikinsa har abincinsu ya ƙone. Na ce, "Baba, ka ga lokacin da abin ya faɗo masa? Da idonka?" Ya ɗan yi murmushi da rabin bakin. Da littafin ya fito, abokin ya rubuta masa 'yan layuka a shafin farko, ya zana butar shayinsu mai lanƙwasasshen baki. Daga baya Mista Shen ya taho Amurka, wasiƙu suka ragu, suka tsaya. An fi shekara talatin.

Na ce, "Baba, ai ko ba shafin zai gane ka. Ka ce masa ni ne wane."

Ya nuna bakinsa. Ya ce a irin layin nan daƙiƙa nawa ake ba mutum? Kafin ya haɗa kalma uku an ture shi gaba. Ya nuna fuskarsa, ya ce 'yarsa ma da ƙyar ta gane shi da ya fito asibiti. "In ba shafin, ni tsoho ne kawai a layi. Ba zan je ba."

Na juya ga Kawu da Hausa. "Kawu, buhunan korona, suna nan?"

Ya yi lissafi da yatsu. "Tara ne. Huɗu mun ƙone bara. Biyar na sito."

"Wanne aka ƙone?"

"Na bakin ƙohwa."

Ba wanda ya san a wane buhu shafin yake. Na gaya wa Mista Shen gaskiya, har da cewa ni na yanke. Ya tambaya ƙarfe nawa ake buɗe siton.

Laraba da safe na aika wa malamata ta makaranta cewa ba ni da lafiya, Allah ya yafe min. Muka shimfiɗa zani a layin sito, muka zazzage buhun farko. Kun taɓa ganin gaisuwar mutum dubu a ƙasa? Barka da haihuwa, barka da gama makaranta, ka yafe min, ki warke da wuri. Ni ina ware duk mai rubutun Sinanci ina neman buta, Mista Shen na zaune a kan kiret yana duba wanda na miƙa, ya girgiza kai, ya ajiye a gefe a hankali. Kawu na tebur da safe, ya zo ya taya mu bayan azahar. Laraba buhu biyu. Alhamis uku. Ƙarfe huɗu na yamma na ɗaga shafin ƙarshe na buhu na biyar. Babu buta.

Mista Shen ya miƙe, ya gode mana, har da ɗan sunkuyawa. Ya ɗauki sandarsa.

Kawu ya ce, "Ce mishi ya zamna." Ya tsuguna ya ɗauki wani shafi daga tarin da na gama, ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. "Ke, yaya kika duba?"

"Da ido mana, Kawu."

"Wala. Da ido. Takarda ta shekara uku cikin buhu, cikin danshi, ke kina dubawa da ido. Ba ki san suna mannewa ba? Gobe mu sake, tun daga hwarko. Kowace a murza."

Juma'a muka sake. Kowane shafi a murza, a saurari ƙararsa, don takarda ɗaya da biyu ba sa kuka iri ɗaya. Yatsuna suka yi baƙi, suka fara zafi. Ashe mannannun da yawa, na raba fiye da yadda zan iya tunawa. Kawu ya tafi masallaci ya dawo muna buhu na uku. Shi ne ya tsaya da wata takarda mai hoton zuciya da jan biro, wani ya rubuta wa budurwarsa. Ya murza, ya sake murzawa, ya ɗaga ta ga hasken ƙwan lantarki. Ta cikin jan zuciyar nan, ga inuwar wani abu mai lanƙwasasshen baki.

Ihun da na yi sai da mai gadin siton ya taho a guje.

Kawu ya ce, "Kar ki ja! Kar wanda ya ja!" Muka ɗora ruwa a butar lantarki, ya riƙa wuce takardar ta saman tururin nesa-nesa, yana zura bakin wuƙar roba kaɗan-kaɗan. Ya fi minti ashirin. Tawadar ba ta zuba ba, sai ɗan jan da ya taɓa kusurwa. Da suka rabu ya miƙa wa Mista Shen da hannu biyu, yadda ya ga tsohon na yi. Mista Shen ya ɗora shafin a gwiwarsa ya cire hula.

Mayarwa kuma ni Kawu ya ba. "Ke kika cire, ke za ki maida." Ba a sa gam ɗin kanti, yana sa takarda ta yi rawaya ta karye. Ana dama fulawa ne da ruwa a dafa, ta yi kamar kunu marar kauri, a tace a bar ta ta huce. Na shafa da ƙaramin burushi a kan ɗan gefen da na bari shekara uku baya, na daidaita shafin sama da ƙasa ina riƙe numfashi, na sa takarda mai santsi gaba da baya, muka danne da ƙamus uku. Kawu ya duba ya ce, "Da kin yanke har ciki, da yau sai kuka." Daga bakinsa wannan yabo ne.

Asabar na ce Kawu ya rufe mu tafi tare. Ya ce, "Tebur bai zuwa biki. Ki buɗe ido, ki kawo min labari duka." Na ɗauko Mista Shen a Parkchester, ya sha kwat da ta yi masa yawa, littafin a cikin leda a ƙirjinsa. 'Yarsa ce ta saya mana tikiti.

Jama'a, layin! Ya fito daga zauren, ya bi gefen bene, ya sha kwana. Yara masu shuɗin gashi, tsofaffi masu keken guragu, Indiyawa, Larabawa, 'yan Koriya, wani ɗan Senegal da na gani da fassarar Faransanci. Na riƙa leƙa hannun mutane irin na 'yan sana'a, na ga bangon da ban taɓa gani ba da rubutun da ban san sunansa ba. Duk labarin ɗigon nan ne, ya shiga yare bayan yare. A ciki Mai Ɗigo ya yi magana ta bakin tafinta, ɗan mutum mai sanyin murya, yana ta gyara tabarau kamar an kama shi da laifi. Aka tambaye shi ina yake samo tunaninsa, ya ce shi dai ya daɗe a inda ba abin kallo sai sama. Zauren ya ɗauki tafi, ni har da fito.

Wajen sa hannu ba wasa. Ma'aikata na bin layi suna maimaitawa: littafi ɗaya, a buɗe shafin, ba hoto, ba hira. Muna matsowa na ga gaskiyar tsoho. Mutumin ba ya ɗaga kai. A turo littafi, ya sa hannu, a janye, a turo wani. Mun fi awa biyu, Mista Shen ya ƙi zama ko da aka kawo masa kujera. Da muka zo gaba wata budurwa mai waya a kunne ta karɓi littafin, ta ga ya tsufa, ta ɗan yamutsa fuska, ta buɗe ta tura.

Biron ya sauko. Saura kaɗan ya taɓa takardar, ya tsaya a iska.

Mai Ɗigo ya kalli butar. Ya kalli rubutun. Ya matso da littafin dab da tabaraunsa. Budurwar ta miƙa hannu za ta janye, ya dafe shi da tafinsa. Sannan ya ɗaga kai, karo na farko tun da muka shigo. Ya kalle ni, ya wuce. Ya kalli tsohon da ke riƙe da hannuna, da karkataccen baki da kwat mai yawa. Ya daɗe yana kallo. Bakin Mista Shen na motsi amma ba abin da ya fito.

Sai Mai Ɗigo ya rufe bironsa, ya gyara zama, ya faɗi wata gajeriyar magana da Sinanci, da ƙarfi, kamar soja na tambayar soja.

Mista Shen ya saki hannuna, ya miƙe ƙyam, ya amsa. Tas, ba gargada, ba hutu. Kwana biyar ina tare da shi ban taɓa jin kalmomi sun fito masa a jere haka ba.

Kujera ta faɗi. Mutumin da duniya ke wa layi ya zagayo teburin ya kama kafaɗun tsohon da hannu biyu, yana dariya yana kiran wani suna da ba Shen ba. Layi ya yi tsit, sai wayoyi suka tashi sama, ma'aikatan suka rasa wa za su hana. Ya sa aka kawo kujera aka ajiye kusa da tasa. Haka aka ƙarasa sa hannun, Mista Shen na zaune a damansa, shi ke tura masa littattafan mutane, suna ta magana ƙasa-ƙasa. Ni ina jikin bango ina tura wa Kawu saƙon murya goma sha.

A jirgin komawa Parkchester na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, don Allah me ya ce maka?"

Ya ce a kan dutsen, duk wanda ya zo karɓar aiki daga ɗan'uwansa ba ya gaisuwa. Tambaya yake: iska daga ina? Wanda zai sauka dole ya ba da amsa daidai, in ba haka ba ba a karɓe shi ba.

"To me ka ce?"

"Daga yamma. Marar ƙarfi. Sama garau."

Na yi dariya. "Kai Baba, ka iya shirya zance nan take!"

Ya juyo ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ɗauki lokacinsa, kalma ɗaya-ɗaya.

"Ban shirya ba. Na duba kafin mu shiga."